Turmin Kulu da Watan Malam Isiyaku

A Unguwar Ɗorawa, wani ɗan ƙauye da ke gefen Tarai, wata ba ya tsayawa sai Malam Isiyaku ya ba shi izini. Haka dai mutanen garin suka ɗauka, shi kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen gyara musu ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, da rana ta faɗi sai ya hau falalen dutsen da ke bayan gidansa, jama'a su biyo shi. Zai yi shiru ya ƙura wa yamma ido, can ya ɗaga hannu ya ce, "Ga shi can." Sai kowa ya ce ya gani. Har waɗanda suke kallon kudu ma sukan ce sun gani.

Da Shari'a ta zo, darajar idon nan ta ƙaru. A da baki kawai ake faɗa, yanzu kuwa rubuta shaidar ake yi a takarda, dagaci ya sa hannu, a ba mai babur ya kai gaba. 'Yan siyasa ma suka gano hanyar gidansa, domin tsayawa kusa da mutumin da ya ga wata ya fi fasta goma kawo farin jini.

Abin da ba a rubutawa a takardar shi ne, shekara huɗu ke nan rabon Malam Isiyaku da ganin jinjirin wata. Amosanin ido da yake fama da shi tun yana saurayi ya ci fatar idonsa ta ciki, gashin ido ya lanƙwashe yana sharar ƙwayar dare da rana, har gani ya zama kamar ta cikin hayaƙin murhu. Kullum da safe matarsa Kulu takan zaunar da shi a bayan rumbu, inda ba mai gani, ta tsittsige gashin da matsefata. In zai fita sai ya ɗora baƙin tabarau. Ya ce wa mutane adana idon yake yi saboda aikin addini, suka ce lallai Malam ya san darajar abin da Allah ya ba shi.

Watan kuwa Kulu ce take gani. Takan kifa turmi a gindin katanga, ta hau, ta leƙa yamma. In ta hango shi sai ta sauko, ta tayar da turmin, ta buga taɓarya sau uku. Duk wanda ya ji zai ɗauka wata mata ce ta makara da dakan yaji. Malam yana kan dutse ya kasa kunne, da ya ji sai ya ɗaga hannu ya nuna inda ya san wata ya saba fitowa. Abin yakan dame shi, musamman in an miƙo masa biro ya sa hannu, amma ya daɗe da yi wa kansa fatawa cewa idon matar mutum ai nasa ne, tunda shi yake ciyar da mai idon.

A daminar da ta gabaci zaɓen dubu biyu da bakwai, ana tsakiyar yankan gero, Sha'aban ya yi kwana ashirin, sai aka yi shela cewa ma'aikatan ido daga Rano za su zo ɗakin shan magani ranar Litinin. Amma fa masu lafiyar ido suke nema.

Garin ya ɗauki maganar a matsayin zolaya. Mato mai shayi ya ce, "Shekara nawa marasa lafiya suna jiran likita bai zo ba? Yau ya zo, wai masu lafiya yake nema. To madalla. Saura a kawo tuwo a ce sai wanda ya ƙoshi za a ba."

Mutum ɗaya ne ya ga riba a ciki, shi ne Alu, wanda ya nemi kujerar kansila sau biyu ya faɗi sau biyu, yake kuma shirin faɗuwa ta uku da kuzarinsa. Kafin la'asar labari ya zaga cewa shi ya kawo likitocin, duk da cewa shi ma a bakin mai shela ya ji. Da yamma sai ga shi a zauren Malam Isiyaku ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, an ce masu lafiyar ido ake nema. Na ce musu ku daina yawo, ido ɗaya ne a duk ƙasar Kibiya. A auna na Malam, sauran mutane a gwada nasu da shi. Ni zan kai ka a kan babur ɗina, kai za ka buɗe aikin."

Malam ya gyara zaman tabaransa. Ya ce, "Alu, ai wannan ido ba na wasa ba ne. Azumi saura kwana tara, a je a taɓa shi?"

"Ai shi ya sa, Allah ya gafarta Malam. Akwai masu cewa wai tsufa ya kama ka. In likita ya rubuta da hannunsa, sai mu ga bakin da zai sake magana."

Ba wanda ya taɓa cewa haka. Alu ne ya ƙirƙira nan take, amma maganar ta shiga. In ya ƙi zuwa, gobe masu cewar za su samu. Da ya shiga cikin gida ya gaya wa Kulu, yana jiran ta taya shi neman dabarar zillewa, sai ta ci gaba da tankaɗe ta ce, "Malam, ka je. Ko ba komai wani ma ya ga abin da nake gani kullum da safe. Na gaji da ganinsa ni kaɗai."

Ranar Litinin ɗakin shan magani ya cika, mafi yawa 'yan kallo. An raba aikin biyu kamar yadda zamani ya tanada: mace tana duba mata a ɗaki guda, namiji yana duba maza a ɗayan. Namijin sunansa Jabiru, siriri ne mai sanyin magana, ya ɗora littattafai biyu a kan tebur, ɗaya kore ɗaya ja. Alu ya shigo da Malam yana riƙe da gwiwar hannunsa kamar shi ya haife shi.

Jabiru ya gaishe shi, ya nuna masa wata 'yar siririyar roba mai lanƙwasa, da zane-zane a jikinta irin na rular 'yan makaranta.

"Baba, aikin ba shi da wahala. Tsakanin fatar ido da ƙwayar ido akwai wani lungu kamar aljihun riga, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Shi ne yake ba ido damar juyawa. Ciwon da ke barin tabo a cikin ido yana ɗinke aljihun nan a hankali daga ƙasa, mai shi bai sani ba. To ba za mu iya cewa aljihun wane ya ragu ba sai mun san zurfinsa a wajen masu lafiya. Shi ya sa muke auna mutanen nan namu, manoma da makiyaya, mu rubuta a koren littafi. Wanda muka tarar da ciwo kuma mu sa shi a ja, mu riƙa auna shi duk wata shida mu ga ko ɗinkin yana ci gaba."

"Kore za ka buɗe," in ji Alu. "Shafin farko, layin farko."

Jabiru ya ce, "Baba, a cire tabarau."

Malam ya cire. Jabiru ya haska ƙaramar cocila, ya juya fatar idon ta sama da ɗan tsinken auduga, ya duba. Ya waiwaya ya ce wa Alu, "Ranka ya daɗe, jama'a sun tare haske a ƙofa. Da za ka taimaka ka yi musu jawabi a waje."

Ba a taɓa roƙon Alu ya yi jawabi sau biyu ba. Ya fita, Jabiru ya tura ƙofa.

Ya ɗiga wa Malam maganin da ke kashe zafin ido, ya jira kaɗan, ya ce ya kalli sama, ya zura robar a aljihun ƙasa. Ba ta yi nisa ba ta tsaya. Ya gwada ɗaya idon, ya sake gwadawa, sannan ya ajiye ta a faranti.

"Baba, wa yake tsige maka gashin ido?"

"Wane gashi?"

"Ga guntayensa nan suna tohowa. Mai tsigewar tana da hannu, amma guntun da yake fitowa ya fi dogon kaifi." Ya rage murya. "A mutanen da muka auna a Rurum da Nariya, aljihun ƙasa yakan kai milimita goma ko sha ɗaya. Naka shida ne a dama, biyar a hagu. Rabi ya tafi, Baba."

A waje ana jin Alu yana gaya wa jama'a cewa yanzu haka kimiyya tana tabbatar da abin da Unguwar Ɗorawa ta sani tun zamanin soja.

Malam Isiyaku ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, da tsoro a ƙarƙashinta. Ya ce, "Ɗana, ka san ko ni wane ne?"

"An gaya mini tun kafin in sauko daga mota."

"To ka rufa mini asiri. Ka rubuta ni a koren. Ka sa goma, wa zai sani? Layi ɗaya ne fa."

Jabiru ya girgiza kai. "In na sa goma na yi ƙarya, kuma ba wanda zai sake waiwayar idonka, tunda littafi ya ce lafiyarka ƙalau. In na sa shida a cikin masu lafiya, na ɓata ma'aunin, gobe a kawo mai ciwo a ce ai haka idon mutanen Kibiya yake. In na sa ka a ja kuwa, duk Alhamis ana ƙaramin aiki a Rano, a juya fatar ido waje gashin ya daina taɓa ƙwayar. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma abin da ya rage za a iya tsare shi."

"In an yi aikin, za a naɗe ido?"

"Kwana ɗaya ko biyu. Kumburi kuma ya ɗan jima."

Wato duk garin zai ga mai ganin wata da bandeji a fuska, ana saura kwana shida azumi. Malam ya mayar da tabaransa.

"In ban yi ba fa?"

"Ba ni da ranar da zan faɗa maka, Baba. Amma a yadda gashin nan yake sharar ƙwayar, ba wata kaɗai za ka daina gani ba. Mai tsige maka gashin ma sai dai ka ji muryarta."

Jabiru bai rubuta shi a kowane littafi ba. Ya ce jan yana nan, ranar da ya shirya. Da suka fito Alu ya ɗaga hannun Malam sama kamar ɗan damben da ya yi kisa, jama'a suka yi kabbara. Ba wanda ya tambayi abin da likita ya ce, don kowa ya riga ya sani.

Suna wucewa ta gefen ɗakin mata sai Malam ya ji ma'aikaciyar tana dariya tana cewa, "Kai, Inna Kulu, sha ɗaya cif! A shekarunki? Ko tabo babu. Shiga kore abinki." Ya sunkuyar da kai ya hau babur.

Alhamis ta zo ta wuce, Malam bai je Rano ba. Ya ce bayan salla. Kulu ta san wannan bayan sallar, tun shekara huɗu da suka wuce take jin labarinta. Ranar ashirin da tara da safe, bayan ta gama tsigar gashin, ta goge matsefata da gefen zaninta ta ce, "Malam, yau ba zan yi daka ba."

"Kamar yaya?"

"Ba zan buga ba. Duk shekarar da na buga turmin nan, sai ka samu dalilin ƙara shekara guda kana makancewa. Da hannuna nake taya ka. Na daina."

"Kulu, so kike ki tozarta ni a gaban jama'a?"

"Gara su yi maka dariya kana ganin haƙoransu."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kawo mata hukuncin matar da ta saɓa wa miji. Ta saurara har ya gama, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi ɗiban ruwa. Duk da haka a ransa ya ce za ta buga. Shekara talatin da biyar suna tare, ba ta taɓa barinsa a rana ba.

Da yamma dutsen ya cika fiye da kowace shekara. Alu ya yi hayar lasifika, ya kafa ta a kan babur, ya liƙa fastarsa a jikin ɗorawa. An yi ruwa da azahar, gari ya washe, sai guntayen gajimare a yamma. Dagaci ya aiko wakilinsa da takarda da biro, mai babur ɗin da zai kai saƙo yana jira a ƙasa. Rana ta faɗi, aka yi magariba a gurguje a nan kan dutsen, Malam ya matsa gaba ya cire tabarau.

Bai ga komai ba sai jan hazo. Ya kasa kunne. Ya ji kwaɗi a fadama, ya ji shanun Fulani suna komawa ruga, ya ji jariri yana kuka a wani gida. Turmi dai shiru.

Mutum ɗari da wani abu ne a bayansa, kuma ba ɗaya da yake kallon sama. Duk hannunsa suke kallo. Shekara talatin da ɗaya ya ɗauke musu wahalar ɗaga kai, sun kuwa karɓi hutun hannu bibbiyu.

Haske yana ta raguwa. Alu ya matso ya raɗa masa, "Allah ya gafarta Malam, lokaci fa yana tafiya. Na ji 'yan Nariya ma sun fita nema. Ka nuna kawai, ai yana nan."

Malam ya san in ya ɗaga hannu za su gani. Ko tukunya ya nuna za su ce jinjiri ne. A shekaru huɗun da suka wuce yana da abin fakewa, domin ko ba shi ya gani ba, an dai gani. Yau kuwa bai san ko akwai wata ko babu ba. In ya nuna, gari guda zai tashi da azumi a kan ƙaryarsa zalla, da sa hannunsa a ƙasa. Ya ji hannunsa na dama ya fara motsi da kansa, don sabo. Ya kama shi da na hagu.

Ya juya ya fuskanci jama'a. Alu, da yake ya ɗauka albishir za a yi, ya yi maza ya kara masa lasifika a baki.

"Jama'a, ban gani ba," in ji Malam Isiyaku, muryarsa ta tafi har fadama. "Bara ma ban gani ba. Shekara huɗu ke nan ba na gani. Idona ya lalace, likita ya auna, rabi ya tafi. Kulu ce take hawa turmi ta gano muku, ta buga mini taɓarya, ni kuma in ɗaga hannu. Wanda na cuta ya yafe mini."

Alu ya janye lasifikar, amma ta riga ta gama aikin da aka yi hayarta dominsa. Wakilin dagaci ya mayar da biro aljihu. Hawaye suka zubo wa Malam, ya bar su, tunda dama idon ya saba zubar da ruwa ba dalili, yau kuwa ya samu dalili.

Sai daga bayan katangar gidansa aka ji taɓarya ta sauka a turmi. Sau uku.

Malam bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Kun ji. Yana nan. Ku nema da idanunku."

Nan take gardama ta kaure kan ko ana karɓar shaidar mace, balle shaidar turmi. Ana cikin jawo littattafan da ba wanda ya karanta, sai Mato mai shayi, wanda ba shi da abin cewa a mas'alar, ya ɗaga kai don gajiya. Ya yi ihu, "La! Ga shi can saman ɗorawa, wallahi ga shi!" Mutane suka ɗaga kai, wasu karo na farko tun suna yara. Mutum bakwai suka gani da idonsu, aka rubuta sunan biyu. Mai babur ya tafi da takardar da babu sunan Isiyaku a cikinta. Alu kuwa kafin a sauka daga dutsen ya fara bayanin cewa shi dama ya daɗe yana zargi, shi ya sa ya kawo likitoci.

Malam ya sauko shi kaɗai, yana laluben dutsen da ƙafa. A da mutum goma ke rige-rigen riƙe masa takalmi. Ya tarar da Kulu a tsakar gida tana jiƙa gero na sahur.

"Kin ce ba za ki buga ba."

"Ai ba kai na buga wa ba, Malam. Tun ana sallame sallar magariba na gan shi. Jira na yi ka gama magana."

Ranar Alhamis, biyu ga azumi, suka shiga motar Rano tare. Ba tabarau a fuskarsa. A tasha wasu suka gaishe shi, wasu suka ga abin kallo a wani gefen. Ya ji zafin abin har ƙashinsa, bai kuma yi kamar bai ji ba.

Jabiru ya tashi ya ba shi kujera, ya jawo jan littafin ba tare da ya tambaya ba. Ya rubuta suna, ya rubuta gari.

"Sana'a fa, Baba?"

Malam ya ce, "Noma."

Jabiru ya rubuta shida da biyar, ya ja layi. "Bayan aiki, duk wata shida za ka dawo mu sake aunawa. In lambar ta tsaya a nan, mun ci nasara."

"Da idon wa za ka riƙa gwada nawa?"

Jabiru ya dafa koren littafin. "Da na mutanen da ke cikin nan. Na Inna Kulu ma yana ciki."

Malam Isiyaku ya juya wajen da Kulu take zaune a kan benci. Daga nan yana iya ganin zaninta da siffar kanta, fuskar ce dai ta shige hazo. Ya daɗe yana kallo, yana ƙoƙarin tattara abin da ya rage.

"To a yi aikin da wuri, ɗana," ya ce. "Watan na bar wa Mato. Wannan ce ba na so ta ɓace mini."